Bangon Gabas

Ina cikin shekarata ta huɗu a New York wasiƙar ta zo. Farkon shekarun saba'in ne, ƙarshen shekara, lokacin da sanyi ke shiga mutum ta tafin ƙafa ya fito ta haƙora. Ina haya a Highbridge, cikin Bronx, a wani ɗaki hawa na biyar da tagarsa ba ta kallon komai sai bangon maƙwabta. Karatun zanen gine-gine ya kai ni. Ni ɗan magini ne daga cikin birnin Zariya, amma ba na faɗa. In aka tambaye ni sana'ar mahaifina a makaranta sai in ce ɗan kwangila ne. A ganina na lokacin, wanda ake koya wa ɗora bene arba'in da ƙarfe da gilashi bai kamata a ji ubansa na cuɗa ƙasa da ƙafa ba. Girman kai ne irin na ɗan boko, nawa kuma ya fi na kowa kauri.

Ni ne ɗan fari, don haka tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakin Baba ba. Aminu nake, kowa a unguwa na kira, shi kuwa daga "kai" sai "wannan yaron". Da na shiga babbar makaranta sai ya laƙaba mini Injiniya, rabi yabo rabi tsokana. Alkunyar ɗan fari ce, ba ƙiyayya ba, kowa ya san haka. Ba ya kallon idona, ba ya tambayata ko na ƙoshi. In yana son in ji wata magana sai ya faɗa wa mahaifiyata, ko ya faɗa wa aikin da ke gabansa, ni kuma ina gefe ina tsinta.

Da ajami yake rubutu, baƙaƙen manya-manya kamar an jera tubali. Ni kuwa da wuri aka cire ni daga allo aka kai ni boko, ajamina bai wuce na tuntuɓe ba. Saboda haka duk wasiƙarsa sai na sauka hawa biyu na kai wa Malam Isufu. Malam Isufu dattijo ne mutumin Damagaram, direba a wani ofishin jakadanci, kuma uban duk Bahaushen da ya rasa gabas a Bronx. Shi ya san inda ake samun naman yanka, a falonsa kuma muke jam'i ranar da babu aiki.

Ranar Lahadi ce bayan azahar. Ya zuba mini shayi, ya ɗora tabarau a kan hanci, ya karanta:

"Bayan gaisuwa mai yawa. Muna nan lafiya, mutanen gida duk suna gaida Injiniya. Sai dai tsohon ginin nan da ka sani, bangonsa na gabas ya tsage tun daga sama, gindin ma ya fara zaizayewa. Na yi masa dabarun da na sani, ba su ci ba. Ba na jin zai ga damina. In Injiniya ya sami sarari, ya zo ya duba shi da idonsa."

Na yi dariya. Na san ginin, ko kuwa in ce na ɗauka na san shi: tsohon zauren gidanmu ne, wanda kakana ya gina. Na ce, "Ka ji Baba! Don bango ya tsage sai in ƙetare teku?"

Malam Isufu bai yi dariya ba. Ya sake karanta wasiƙar daga farko, a hankali, ba wanda ya roƙe shi. Sannan ya cire tabarau ya ce, "Bon. Ɗan Zazzau, yaushe lakol ɗinku ke ba da hutu?"

Na ce, "Makarantarmu? Wata mai zuwa, mako uku. Amma an riga an sa sunana a tafiyar Peru, Malam. Mu takwas kaɗai aka zaɓa a ajinmu."

Ya ce, "Ni dai da ni ne, sai in tai gida in duba bangon nan."

"Bango ne fa, Malam. Zan rubuta musu yadda za su yi."

Ya dube ni ya daɗe, bakinsa ya motsa kamar zai ƙara wani abu, sai ya haɗiye. Dattijo ba ya buɗe baki ya yi wa mahaifin wani mugun fata. Ya yi mini hannunka-mai-sanda iyakar iyawarsa, ni kuma na kalli sandar na yaba kyanta.

Na koma ɗaki na rubuta amsa shafi uku da boko, don ƙanwata Hajara ta karanta masa. Har da zane na yi, da ma'auni da kibiyoyi. Na ce a kankare tsohon yaɓen, a sayo siminti a cike tsagar, a zuba wa gindin bangon kankare. A ƙarshe na ƙara da cewa zamanin ginin ƙasa ya wuce. Na lashi ambulan ina jin na yi wa gida babban aiki.

A Lima, babban birnin Peru, muka sauka, mu takwas da malaminmu, wani dogon Bature da muke kira Farfesa. Ma'aikacin da ke buga hatimi ya juya fasfona gaba ya juya baya, ya kira abokinsa, abokin ya kira wani. Sai da aka ɗauko taswira na ɗora yatsa a kan Nijeriya kafin suka yarda akwai ta. 'Yan ajinmu suna waje suna jirana cikin rana. Daga ranar na san cewa a wannan tafiyar ni ma ina cikin abubuwan kallo.

Zango na farko shi ne Pachacamac, kudu da birnin, inda hamada ke gangarowa har ta sha ruwan teku. Farfesa ya yi ta yi mana bayani a mota cewa tun kafin daular Inka akwai mutanen da suka yi manyan birane a wannan gaɓar, kuma rashin ruwan sama ne ya adana su. Ina sa ran ganin dutse. Da muka sauka sai na ga ƙasa. Tudu guda ne na tubali, hawa kan hawa, ja-ja, ga lunguna, ga ragowar ɗakuna. 'Yan ajinmu suka tsaya suna kallo. Wata daga cikinsu ta ɗora tafin hannu a bango ta rufe ido kamar mai addu'a. Ni kuwa kunya ce ta kama ni, irin wadda kan kama mutum in ya haɗu da ɗan'uwansa matalauci a gidan biki. Abin da na shekara huɗu ina ɓoyewa, ga shi an kawo ni a jirgi in yi masa ladabi.

Farfesa ya waiwayo ya ce, "Aminu, a ƙasarku ma ana irin wannan ginin, ko ba haka ba?"

Na ce, "A ƙauye. Da can."

Ya gyaɗa kai ya wuce. Gidan da aka haife ni, da masallacin unguwarmu, da ganuwar birninmu, duk na tattara su na jefa a "da can" cikin kalma biyu, ko gezau ban yi ba.

Daga nan muka miƙa kudu. Abinci ya zame mini jidali, domin duk tukunyar da na leƙa sai in ga alade ya riga ni. Na koma shinkafa da masara da kifi. A wani gari da ake kira Chincha na ga baƙaƙen fata irina a kasuwa, zuciyata ta yi tsalle har na kusa yi musu sallama. Wata tsohuwa mai gasa dankali ta kira ni da hannu. 'Yar Sifaniyancin da na tsinta wurin maƙwabtana 'yan Puerto Rico a Bronx ita ta cece ni. Ta tambaye ni daga ina, na ce Afirka. Ta kama fuskata da hannu biyu ta juya ta dama da hagu, kamar mai neman kamannin wani nata. Sannan ta naɗe mini dankali biyu a takarda, na kai hannu aljihu ta buge hannun. Ta ce, "Ka gaida gida." Na ce to, na ci dankalin a mota, ban ko tsaya tunanin yaushe zan isar da saƙon ba.

A Paracas ne na sha wuya. An ba ni ɗanyen kifi da aka jiƙa da lemon tsami, na ci don kada a ce baƙauye ne, cikina kuwa ya nuna musu baƙauyen ne. Kwana biyu ina fama. Ga wata iska da ke tasowa kullum da rana tana watsa wa mutum yashi a ido da haƙori. Duk da haka na bi su wurin aiki. Wurin maƙabarta ce ta mutanen da, a kan wani tudu mai kallon teku. A zaune suke binne mamatansu, a naɗe cikin mayafai masu ado, ɗaya kan ɗaya. Masu haƙar dukiya sun riga sun yi ɓarna, ga ramuka ko'ina, ga ƙasusuwa da tsummoki a fili. Aikina shi ne riƙe bakin igiyar awo. In shiga rami in dafa ta a kusurwa, wani ya karanta, wani ya rubuta.

Ranar Alhamis ce, na riƙe ta domin ina ta tunanin gobe Juma'a kuma babu masallaci ko na magani a duk faɗin wurin. La'asar ta yi, ruwan gorata ya ƙare, na koma bayan wani tudu na buga tafina a ƙasa na yi taimama. Na juya wa teku baya na yi salla. Da na sallame ban tashi da wuri ba, wani nauyi ya danne mini ƙirji. Na ɗauka kifin ne. Na karkaɗe goshi na koma ramin mutane na ci gaba da awo.

Muka juyo arewa, kwana biyu a mota, teku a hagu, hamada a dama. Ba itace, ba ciyawa, ba ko akuya. Sai an yi tafiya mai nisa a faɗa wani kwari kore shar da rake, kafin ka gama murna an fita an koma cikin yashi. Kusa da birnin Trujillo aka kai mu wani gini da ya kai girman dutse, duk na tubali. Farfesa ya nuna mana cewa tubalan suna da alamu: wani ɗigo, wani layi biyu, wani shatin hannu. Ya ce masana na ganin kowace ƙungiyar magina da tata alamar. 'Yan ajinmu suka duƙufa suna kwafa a littafi. Ni kuwa Baba na tuna. Tubalinmu da hannu ake mulmula shi, kuma Baba kan ɗauki guda ɗaya daga tsibi ya dubi shatin yatsun ya ce, "Wannan na Tanko ne, ya yi gaggawa." Bai taɓa kuskure ba. Na buɗe baki zan faɗa musu, na tuna ni ɗan ɗan kwangila ne, na rufe.

Washegari muka shiga Chan Chan.

Ban san yadda zan kwatanta wa mutumin gida ba sai in ce: ka ɗauki birnin Zariya, ka kwashe mutanen da awakin da kiran salla, ka yaye rufin ɗakunan, ka ajiye shi a bakin teku. Ganuwa ce doguwa, lunguna masu lanƙwasa, fili a tsakiya, rumbuna a jere. Jikin bangon duk ado ne da aka yi da ƙasa, kifaye da tsuntsaye suna bin juna, kamar yadda ake yi wa fuskar zauren attajiri a wurinmu. Na yi ta tafiya har na rabu da 'yan ajinmu. Kewar gida ta taso mini gaba ɗaya, wadda na shekara huɗu ina dannewa. Kowace kusurwa na karya sai in ji kamar zan tarar da ƙofar gidanmu.

Abin da na tarar shi ne wani tsoho, ya naɗe wando zuwa gwiwa, yana cuɗa ƙasa da ƙafa. Hannayensa a goye a baya, kansa a sunkuye, yana zagayawa a hankali. Haka Baba yake yi, har goyon hannun. Na tsaya kamar an dasa ni.

Sunansa Don Fermin, yana cikin masu gyaran wurin. Ya ga ina kallon wani ɓangaren bango da ya yi fari-fari, sai ya fito daga cikin kwaɓin ya ja ni. Wani ya taɓa liƙa siminti a wurin shekarun baya. Ya sa yatsa ya ɓamɓare ɓawon simintin, sai ƙasar da ke bayansa ta zubo kamar gari. Ya yi magana a hankali don in gane. Ya ce bangon ƙasa numfashi yake yi, in ka toshe shi da siminti sai danshi ya taru a ciki ya cinye shi, waje lafiya ciki ya mutu. Na tuna shafi ukun da na aika gida, kunnuwana suka yi zafi.

Ban san lokacin da na cire takalmi ba. Na shiga kwaɓin. Sanyinsa ya ratsa tsakanin yatsuna, rabona da wannan tun ina ɗan shekara tara. Ya miƙo mini curi, na maka a bango, na bi da gefen tafi na shafe daga ƙasa zuwa sama. Hannuna ya tuna abin da kaina ya ƙi. Don Fermin ya ja da baya ya dubi yaɓen, ya dube ni.

Ya ce, "Wa ya koya maka?"

Na ce, "Babana magini ne."

Karo na farko ke nan da na faɗi wannan magana tun da na bar gida, kuma da karyayyen Sifaniyanci na faɗe ta, ga mutumin da ban sani ba. Ya yi murmushi, bakin babu haƙora da yawa. Ya tambaya ko yana raye. Na ce yana nan lafiya, ya ma rubuto mini kwanan nan, wai bangon gidanmu ya tsage, yana so in je in duba. Na faɗa ina dariya, ina jiran shi ma ya yi.

Ya ce, "Shekara nawa yana gini?"

"Ya fi arba'in."

Ya goge hannu a riga. Sannan ya ce, "Maginin da ya shekara arba'in yana ɗinke bango, shi ne zai kira yaro daga wata duniya ya duba masa tsaga?" Ya girgiza kai. Ya ɗaga hannu ya bubbuga ƙirjinsa sau biyu, ya bar shatin laka a rigar.

Sai na ji wasiƙar da muryar Baba, ba da ta Malam Isufu ba. Tsohon ginin nan da ka sani. Na yi masa dabarun da na sani, ba su ci ba. Ba na jin zai ga damina. Ya zo ya duba shi da idonsa. Na zauna a bakin kwaɓin. Hausa ce tsantsa aka rubuto mini, wadda ko yaron goye a unguwarmu zai gane, ni kuma na karanta ta da kunnen Bature. Mutumin da bai iya kiran sunana ba, ta yaya zai ce mini "ina ciwo, zo in gan ka"? Ya faɗa iyakar yadda zai iya, na aika masa da siminti.

Don Fermin ya ɗebo ruwa a gwangwani ya zuba mini na wanke ƙafa. Shi ya miƙo mini takalmina.

Na sami Farfesa na ce mahaifina ba shi da lafiya, zan tafi. Ya tambaya ko waya aka bugo. Na ce a'a, wasiƙa ce tun watan jiya. Ya dube ni bai gane ba, ni kuma ba ni da Turancin da zan yi masa bayani. Ya dai rubuta mini takarda zuwa ga masu jirgi, ya dafa kafaɗata.

Da sassafe na shiga wata ƙaramar motar haya da direbanta ya rantse har Lima za shi. A Chimbote, garin da ke warin kifi tun daga nesa, ya tsaya ya ce kowa ya sauka zai sha mai. Muka sauka, ya sauke kayanmu wai zai duba taya, ya shiga ya ja motarsa ya juya arewa. Sauran fasinjojin suka yi ta zagi. Ni ko bakin zagi ba ni da shi. Na ɗauki jakata na fita bakin babbar hanya na tsaya cikin rana, duk motar da ta zo in ɗaga hannu. Sun fi ashirin da suka wuce, wasu har da rage gudu don su ƙare mini kallo. Can bayan azahar wani mai babbar motar ɗaukar buhunan sukari ya tsaya. Bai tambaye ni komai ba sai da muka yi nisa, ya ga ina share ido da hannun riga. Na ce, "Babana." Ya yi alamar addininsa a ƙirji, ya ɓare lemo ya ba ni rabi, ya ƙara wuta.

A Lima na buga waya biyu ta gidan waya, ɗaya Zariya, ɗaya ofishin su Malam Isufu. Ta Zariya kalma biyu ce: ina zuwa. Sai da na kwana uku ina zarya kafin aka sami kujera a jirgi. Kwana ukun nan na yi su ina ciniki da Ubangiji. Damina ai da saura, nake ce wa kaina, ya ce damina, ko watan huɗu ba a shiga ba. Na tsara yadda zan sauka New York in ɗauki takarduna in wuce Kano. Na tsara har abin da zan faɗa in na durƙusa a gabansa. Zan ce, "Baba, na zo duba bangon."

New York ta tarbe ni da ƙanƙara. Malam Isufu na tsaye a wurin fitowa, ba da kayan aiki ba, da babbar riga da hula, ya ɗora kwat a sama. Ya karɓi jakata. Ya gaishe ni gaisuwa mai tsawo, ya hanya, ya gajiya, ya mutanen can, ya ruwa ya iska. Na ce, "Malam, akwai labari daga gida?" Ya ce, "Mu isa dai tukuna, ɗan Zazzau." A mota bai kunna rediyo ba, shi da ba ya tuƙi sai da ita. Na yi ta ba shi labarin tsohon nan na Chan Chan, ina cewa na gane, Malam, yanzu na gane, gobe zan wuce. Yana ta cewa, "To. To, madalla."

Da muka hau bene bai bar ni na wuce ɗakina ba, ya ce in shigo in sha ruwa. A bakin ƙofarsa na ga takalma. Sun fi ƙafa goma, manya, jiƙe da ƙanƙara, an jera su a gefen bango, ranar kuwa Talata ce, ranar aiki. Ban shiga ba. Na dafa bango na tsaya ina kallon takalman.

Malam Isufu ya riƙe hannuna ya ce, "Aminu, sai haƙuri. Baba ya riga mu gidan gaskiya."

Na shiga aka yi addu'a. Duk Hausawan da na sani a birnin suna nan, na Kano, na Yamai, na zangon Kumasi, kowa ya bar aikinsa. Aka nuna mini wayar da Hajara ta bugo. Ranar Alhamis ya cika, da hantsi, aka kai shi bayan la'asar. Na ƙirga da yatsu, na sake ƙirgawa. Ranar ina Paracas. Ranar da ake neman ɗan fari ya shiga kabari ya karɓi mahaifinsa, ni ina cikin ramin wasu mutane da ban san ko sunansu ba, riƙe da igiyar awo. Da gida na nufa ranar da muka tashi zuwa Peru, da na same shi da kwana tara. Gudun da na yi daga Chan Chan, da tsayuwar Chimbote, da cinikin da na yi ta yi da Ubangiji, duk na yi su ne ƙasa ta riga ta rufe masa ido.

Da mutane suka watse, hasken yamma na shigowa ta taga, Malam Isufu ya buɗe Alƙur'aninsa ya zaro ambulan. Ya ce, "Wannan ta zo kana can. Ban buɗe ba. In ba ka iya ji yau, a bari."

Na ce ya karanta.

Baƙaƙen ba su kai girman na da ba, layukan kuma sun karkace. Ya ɗora tabarau.

"Bayan gaisuwa. Takardar Injiniya ta iso, Hajara ta karanta mini sau biyu. Na duba zanen, hannun ya iya layi. Na nuna wa abokan aiki, na ce su zo su ga aikin wannan yaron. Shawarar siminti kuwa, an gode. Sai dai wannan ginin ba ya karɓar siminti. Da ƙasa aka yi shi, ƙasa kuma yake jira. Kada a ɗora wa kai laifi, ni ne ban iya faɗa ba."

Malam Isufu ya tsaya. Ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya mayar, ya sake cirewa. Na ce, "Shi ke nan?"

Ya ce, "Saura layi guda." Ya mayar da tabarau. Ya karanta: "Aminu, na so in gan ka."

Na ce, "Malam, kai ka ƙara sunan."

"Wallahi ban ƙara ba. Ga shi."

Na ce ya nuna mini. Ya kama yatsana, wanda har lokacin akwai ragowar lakar Chan Chan a ƙarƙashin farcen, ya ɗora a kan baƙaƙe huɗu a farkon layin ƙarshe. An danna alƙalamin a wurin har tawada ta fito ta bayan takardar. Shekara ashirin da bakwai ina jiran in ji wannan kalma daga bakinsa ban san ina jira ba. A nan na yi kukan da ban yi a gaban mutane ba, Malam Isufu kuma ya bar ni na yi.

Na isa Zariya kafin sadakar arba'in. Bayan na gaida mahaifiyata na fito na zagaya bayan zaure ni kaɗai. Na bi bangon gabas da tafin hannu tun daga gindi har inda hannuna ya kai, na dawo na sake bi. Lafiyarsa ƙalau, ko tsagar gashi babu. Hajara ta ce shi da kansa ya yi masa yaɓe da kaka, yana yi yana hutawa, ya hana kowa taya shi.

Zauren yana nan har yau. Duk shekara kafin ruwa ya sauka nakan naɗe wando in shiga kwaɓi, maƙwabta na dariyar Injiniya da laka har gwiwa. In baƙo ya tambaye ni, nakan ce ni ɗan magini ne. Ajamina kuwa bai gyaru ba, har yanzu sai an karanta mini. Baƙaƙe huɗun nan kaɗai nake karantawa ba tuntuɓe.